Motar da Ba Ta da Kujerar Direba

Changli, Tamale
7 ga Oktoba, 2024

Kawu Imurana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna Azeta da duk mutanen Aboabo. Yaya ƙafar? Mama Hawawu tana gaishe ka, ta ce doyar da ke cikin buhun nan ta cinku ce, ba ta rabon maƙwabta ba, don ta san halin ɗan kawunta. Na san in na kira ka a waya sai dai mu yi ta "Eh? Me kika ce?" tunda injin lori ya cinye maka kunne. Shi ya sa na rubuta na ba Abdul-Latif, tsohon yaron motarka, tunda lorinsa na sauka Kumasi duk mako.

Kawu, an ɗora mini kayan da ban san ta ina zan kama ba. Wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu robot guda biyu. Wata irin mota ce da yara ke tuƙawa. Ana ba ta umarni ta tabilet, wato waya mai faɗi kamar allo. Akwai bulo-bulo masu launi, kowane da aikinsa: ci gaba, ja da baya, juya dama, juya hagu. Yaro zai jera su ɗaya a kan ɗaya, ya danna, robot ya bi jerin daga sama har ƙasa. Kwana uku kacal aka koya mana, Hedimasta ya ce tunda ni ke koyar da lissafi, kuma ni ce ƙaramar malama, to nawa ne.

Ranar 14 ga Nuwamba mutumin ƙungiyar zai zo ya gwada yaran. Robot zai ci gaba sau uku, ya karya dama, ya ci gaba sau biyu har gaban kujerar babban baƙo, ya juya ya dawo inda ya taso. In yaran sun iya, za a bar mana biyun a ƙaro biyar. In sun kasa, za a kwashe a kai wata makaranta a Kalpohin, inda dama 'ya'yan ma'aikata suke da komai. Ba na son haka, Kawu. Akwai wata yarinya, Kausara, shekara biyu tana ajina ban taɓa jin muryarta ba sai in na kira suna. Tun da abin nan ya zo, ita ke riga kowa ɗaga hannu.

Ga tambayata. Yaran suna rikita dama da hagu, su ce dama robot ya yi hagu. Kai da ka yi shekara arba'in kana yaye direbobi, yaya kake yi?

'Yarka,
Na'ima


Aboabo, Kumasi
12 ga Oktoba, 2024

Na'ima 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, kunne kuwa yana nan inda kika bar shi. Ki ce wa Hawawu doya ta iso, kuma maƙwabta suna godiya.

Na karanta takardarki sau uku, na ba Azeta ta karanta mini sau ɗaya da ƙarfi, har yanzu kaina bai ɗauka ba. Yara ke tuƙa mota a makarantarku? Wa ya ba su lasisi? Hedimastan naku yana da 'ya'ya kuwa? Kuma kin ce za a nufi kujerar babban baƙo da ita. Na'ima, a shekara arba'in ban taɓa nufar mutum zaune da mota ba, ko abokin gabana ne. In birki ya ƙi fa? Sannan bulon nan da yara ke jerawa, guda nawa take ɗauka? Kada ku yi mata lodin da ya wuce ƙarfinta, bulo yana karya sifirin. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk cikin takardar ba ki faɗi inda direban yake zama ba.

Amma maganar dama da hagu, wannan gidana ce. Na tabbata yaran naki a gaban motar suke tsayawa suna kallon fuskarta. Duk sabon yaron mota haka yake yi. Wanda ke fuskantarka, damarsa hagunka ce. Ki mayar da su bayanta, su kalli inda take kallo, hannunsu ya zama hannunta. Abdul-Latif ɗin nan da kike gani da tumbi da agogo, sai da na ɗaura masa jan ƙyalle a hannun dama wata guda.

Ki rubuto ki gaya mini ba yaron da ya ji ciwo, don Azeta ta fara sa ku a addu'a.

Kawunki,
Imurana


Changli, Tamale
19 ga Oktoba, 2024

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna. Mu duka lafiya, sai Mama da ke ɗan fama da mura.

Kawu, na yi dariya har ruwan da nake sha ya sarƙe ni. Laifina ne, ban gaya maka girmansa ba. Robot ɗin bai fi kwanon tuwo ba, a kan tabarma mai gida-gida yake tafiya cikin aji. Bulon kuma zane ne a fuskar tabilet, da yatsa ake jan su. Ba wanda ke zama a ciki. Ka ce wa Inna ta ci gaba da addu'ar dai, don wata sabuwa ta taso.

Shawararka ta yi aiki. Na mayar da su bayansa, na ɗaura wa uku ƙyalle, cikin kwana biyu dama da hagu suka zauna. Kausara ce ke riƙe tabilet, don ta fi kowa nutsuwa. Mukan aza jakar makaranta a kan kujerar a matsayin baƙo, robot ya je, ya juya, ya dawo, sau goma ba kuskure.

Jiya Hedimasta ya shigo ya ce bari ya gani da idonsa. Ya ɗauke jakar ya zauna. Robot ya tafi lafiya lau har gaban takalminsa. A nan ne ya kamata ya juya. Bai juya ba. Sai ya ja da baya gida biyu, ya karya hagu, ya miƙe gaba, ya fice ta ƙofa, ya faɗo daga dakali tsakiyar awakin da ke kiwo a filin makaranta. Muka bi shi a guje. Da na dawo na karɓi tabilet, bulon suna nan yadda na jera su, ko ɗaya babu na ja da baya. Hedimasta ya dube ni, ya dubi kalandar bango, ya fita. Yana fita muka mayar da jaka muka sake dannawa, robot ya yi aikinsa daidai.

To daga ina ja da bayan ya fito? Mota tana yin abin da ba a sa ta ba?

'Yarka,
Na'ima


Changli, Tamale
2 ga Nuwamba, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Mako biyu ke nan ban ji daga gare ka ba, ban kuma ga Abdul-Latif a tasha ba. In dariyar da na ce na yi ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini, wallahi ba raini ba ne. Mama ta yi mini faɗa, ta ce ba a rubuta wa babba an yi masa dariya. Wannan takardar zan ba wani direban bas ya kai maka.

Abin ya sake faruwa. Na canja batir. Na goge tayoyi da tsumma. Na ajiye robot na farko na ɗauko na biyu. Na juya tabarmar ko ƙasan ce ta karkace. Kwana tara ba matsala, har na fara cin abinci da daɗi. Ranar Alhamis sai Alhaji Yidana, shugaban kwamitin iyaye, ya zo. Shi ne zai zauna a kujerar ranar gwaji, tsoho ne mai furfura da duk Changli ke durƙusa masa. Ya zauna. Robot ya je gabansa, ya ja da baya, ya karya hagu, ya nufi ƙofa. Wannan karon wani yaro ya tare shi da ƙafa kafin awaki su yi baƙo. Da hayaniya ta lafa na duba tabilet, jerina ne, ba abin da ya motsa.

Wani malami ya ce a tofa masa addu'a. Wata ta ce tsarin sadarwa ne, alhali abin ba ya amfani da shi. Hedimasta ya ce ranar gwaji ni zan riƙe tabilet in ɓoye shi a bayan tebur, na ce yara aka zo gwadawa ba ni ba. Na kira mutanen ƙungiyar, suka ce a makarantu talatin ba wanda ya taɓa kawo irin wannan ƙara.

Abin da ya fi ci mini rai Kausara ce. Ta koma gidan jiya, ba magana, ba ɗaga hannu, idonta a ƙasa. Ina ganin tsoro take kada a ce hannunta ne ba sa'a. Saura kwana goma sha biyu. Kawu, ina jin tsoro, kuma na gaji da rashin sani.

'Yarka,
Na'ima


Aboabo, Kumasi
9 ga Nuwamba, 2024

Na'ima,

Lafiya muke, Allah ya ƙara wa Hawawu sauƙi. Wane fushi? Ni da Azeta ke yi wa dariya tun kafin a haife ki. Lorin Abdul-Latif ce ta lalace a Kintampo ta yi kusan kwana ashirin, takardarki na cikin aljihun mota tare da sifana. Jiya ya kawo ta da man inji a jiki, ta bas ma jiya ta iso. Sai na shimfiɗa su biyun a tabarma ina kallo.

To na ji, ƙarama ce. Har yanzu ban gane yadda mota ke tafiya ba kowa a ciki ba, amma bari wannan. Kin tambaya ko mota tana yin abin da ba a sa ta ba. Ba ta yi. Ruwa ba ya tsami banza. Ke kin duba batir, kin duba taya, kin duba ƙasa. Ba ki duba kujera ba. Da jaka a kai, lafiya. Da Hedimasta ya zauna, ribas. Da Alhaji ya zauna, ribas. Ƙarfe bai san furfura ba, Na'ima. Mai riƙe da sitiyari ne ya san ta.

Bari in ba ki labarin kaina. Ranar da maigidana ya fara ba ni mukulli, a can Tamale, yana zaune a ƙofar gidansa, lori na fuskantarsa. Ga fili isasshe da zan juya. Na kasa. Yaya zan ba mutumin da ya koya mini sana'a ƙeya, in kuma busa masa hayaƙi? Sai na fita da ribas har bakin titi, ina jin kaina mai ladabi. Da na hau titi na karya kan mota na sa giyar gaba yadda na saba, na manta hancin ba inda na saba barinsa yake ba. Kumasi aka aike ni, na kama hanyar Bolga. Sai da na ga kasuwar Savelugu na farga.

Yarinyar taki haka take yi, in ban yi kuskure ba. A gidansu ba a tashi daga gaban babba a juya masa baya, sai an ja da baya tukuna. Ke ma haka aka rene ki, kin dai je kwaleji kin manta. Tana cire juyin ta sa ribas, ta bar sauran yadda yake, shi ya sa motar ke bin hanyar Bolga. Kuna bin ta waje a guje, ita tana mayar da bulonki. Shirun da take yi ba na rashin sa'a ba ne, abu biyu ne suka kama ta: ta saɓa miki, ko ta yi wa Alhaji rashin kunya.

Kada ki tambaye ta gaban jama'a. Kada ki daka mata tsawa. Yarinyar da ta iya kwance aikinki ta ɗaura nata ta kuma mayar da naki kafin ki dawo daga wurin awaki, wannan ba ɗaliba ba ce, bakanikiya ce. Ki gaya mata abu ɗaya daga gare ni: wanda ya fara da ribas, ya ƙarasa da ribas har gida.

Abdul-Latif zai taso gobe da asuba. Na ce masa in ya sake kwana a Kintampo da takardar nan, zan mayar masa da jan ƙyallensa.

Kawunki,
Imurana


Changli, Tamale
15 ga Nuwamba, 2024

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Mama ta warke sarai. Takardarka ta same ni ranar Litinin, saura kwana uku. Na karanta a tsaye a tasha, kunya ta kama ni kamar in nutse.

Washegari bayan an tashi na ce Kausara ta tsaya ta taya ni naɗe tabarma. Muna naɗewa na ce, "A gidanku in kin kai wa kakanki ruwa, yaya kike fitowa?" Ta saki tabarmar, hawaye suka zubo.

Ta ce, "Sori, Madam. Ni ne na canza shi. Yaya zai je gaban Alhaji ya ba shi baya kamar akuya? Mutane za su ce yaran Madam Na'ima ba su da tarbiyya. Amma kullum in na gyara sai ya fita waje, ban san me ya sa ba."

Ka ji, Kawu. Ni ina tsoron a ce ban iya koyarwa ba, ita tana tsoron a ce ban iya tarbiyya ba.

Na gaya mata saƙonka. Ban nuna mata bulon ba. Ranar Laraba na tara su, na ce Kausara ta zama robot, wata ta karanta mata jerin da ƙarfi, ta taka gidajen tabarmar da ƙafarta. Ta ja da baya biyu, ta karya hagu, aka ce "ci gaba uku", sai ga ta a bakin ƙofa tana kallon awaki. Sai ta ce, "Fuskana yana gaba, gida yana baya." Ta ruga ta cire bulon ƙarshe ta sa na ja da baya. Robot ya koma gidansa da ƙeya, tsaf.

Sai dai takardar gwajin ta ce robot ya juya. Na yi ta jujjuya maganar a raina. In na ce su bi takarda, na san robot zai zauna, amma na koya wa Kausara cewa abin da aka koya mata a gida kuskure ne da ake gyarawa. In na bar su, ƙila a kwashe komai. Ban gaya wa Hedimasta ba. Na ce mata, "Ke ce direba."

Jiya mutumin ya zo, wani saurayi mai suna Abdul-Aziz, da tabarau da fayil. Alhaji Yidana ya zauna a kujera, iyaye sun cika tagogi. Kausara ta danna. Robot ya je gaban Alhaji, ya tsaya, ya ja da baya, ya karya, ya ci gaba da ja da baya har inda ya taso. Iyaye suka tafa. Abdul-Aziz bai tafa ba. Ya duba takarda ya ce, "Ya dawo, amma bai juya ba. Akwai gurbin juyawa a nan, ba zan iya cika shi ba." Hedimasta ya yi mini wani kallo da har yanzu nake ji a wuyana.

Kausara ta ɗaga hannu. Ta ce, "Sa, ya iya juyawa. Ba ya juyawa ne don Alhaji yana zaune."

Saurayin ya ce doka doka ce, zai kai maganar ofis amma kada mu sa rai. Ya rufe fayil. Na fara tunanin kwalin da zan zuba robot ɗin. Ya je ya yi wa Alhaji sallama. Ashe ɗan Kanvili ne, nan cikin Tamale. Ya durƙusa, Alhaji na sa masa albarka, shi kuma yana amsawa da "Naa, naa" yadda ake yi wa manya a garinmu. Ya miƙe, ya ja da baya taku ɗaya, biyu, uku, fuskarsa na kallon Alhaji, har dugadugansa suka daki bokitin ruwan shan yara. Sai wata ƙaramar yarinya daga baya ta ce, "Sa ma bai juya ba."

Kawu, har Alhaji sai da rawaninsa ya girgiza don dariya. Abdul-Aziz ya dubi ƙafafunsa, ya dubi robot, ya cire tabarau ya goge. Ya roƙi Alhaji ya koma wata kujerar, ya aza fayil ɗinsa a kan ta gwajin, ya ce wa Kausara, "Yanzu ba kowa. Nuna mini juyin." Kafin minti ɗaya ta sake jeri, robot ya je, ya juya, ya dawo. Ya cika gurbin, ya kuma ɗauki hoton jerinta na ribas ya ce zai nuna a ofis. Biyun sun zauna, biyar za su zo a Janairu.

Yaran sun ce in tambaye ka ko za su sa wa robot ɗin sunanka.

'Yarka,
Na'ima


Aboabo, Kumasi
22 ga Nuwamba, 2024

Na'ima 'yata,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya. Na karanta wa 'yan majalisarmu na bakin masallaci takardarki, sun ce in sake, na sake. Sunana kuwa ku sa, da sharaɗin kada ya ƙara faɗawa cikin awaki yana ɗauke da shi.

Zan gaya miki gaskiya. Tun da kunnen nan ya tafi, ba wanda ke ɗaga murya don ya tambaye ni wani abu, sai dai a ce in zo in ci abinci. Ke kika tambaye ni, na ji daɗi ƙwarai, har na yi ƙwalla gaban Azeta, abin da za ta riƙa yi mini gori da shi har ƙarshen shekara.

A cikin ƙunshin nan akwai madubin gefe na lorina ta farko, wadda ta kai ni Savelugu. Shekara da shekaru yana cikin akwatina. Mai ribas ba ya rabuwa da madubi. Azeta ta ce ya fi motar taku girma sau biyu, ba inda za a ɗaura shi. Na ce ba wa motar na aika ba.

Tun takardar farko nake damun ki da tambayar inda direban yake zama. Ki bar ta, na gane. A layin gaba yake zama yanzu, yana ɗaga hannu. Ki ba Kausara madubin, ki ce tsohon direba yana gaishe da sabo.

Kawunki,
Imurana